Mashigin kankare, kwalbati ko gada: wanne ya dace da rafinku, kuma izinin wa za ku nema?

Duk garin da rafi ya shiga tsakaninsa da kasuwa ko asibiti, da damina ta ɗauke zancen taron ƙungiyar ci gaban gari ɗaya ne: a yi karo-karo a zuba kwalbati. Da wuya ka ji wanda ya tambaya ko kwalbatin ne ma ya dace da rafin, balle a kai ga tambayar wa ke da ikon cewa a gina ko kada a gina. Tambayoyin nan biyu kuwa a sarƙe suke. Abin da kuka zaɓa ku gina shi zai yanke yawan ofisoshin da za ku taka, domin hukuma da maƙwabta ba ruwansu da yawan simintin da kuka zuba. Abin da suke son sani shi ne inda ruwa zai nufa bayan kun kwashe kayan aikinku. Ginin da ya bar ruwa ya bi hanyarsa, takardarsa ba ta wahalar samu. Wanda ya tare shi ko ya karkatar da shi gonar wani, shi ke jawo ƙara da sammaci, ko da shi ne mafi araha ranar da aka yi shi.

Abubuwa uku ne a gabanku. Akwai mashigin kankare, wato daɓen da ake shimfiɗawa a ƙasan rafi daidai da yashinsa, mota ta gangara ta bi ta kai, ruwa ma idan ya zo ya bi ta kai. Akwai kwalbati, inda ruwa ke wucewa ta cikin bututu ko akwatin kankare, hanya kuma ta hau sama a kan ciko. Sai gada mai ƙafafu, wadda ke ɗaga hanya sama ta bar wa ruwa filinsa.

Kowanne kuka ɗauka, tambayar farko ita ce hanyar ta wace ce. Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye na ƙaramar hukuma ne, kuma jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa gina hanyoyi da magudanan ruwa da kula da su cikin ayyukanta. Saboda haka ƙofar farko ita ce sashen ayyuka a sakatariyar ƙaramar hukumarku. Idan hanyar ta jiha ce, ma'aikatar ayyuka ta jiha ce mai magana. Idan aikin zai taɓa babban titin tarayya, ko da reshe ne za ku ɓalle daga jikinsa ku gangara rafi, sai da sanin kwanturolan ayyuka na tarayya da ke jihar. A cikin birni kuwa hukumar tsara birane ce ke ba da izinin gini, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, kuma su ne masu zuwa da jan fenti in an yi ba da saninsu ba.

Bayan hanya sai ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara. A takarda ke nan. A zahiri gaɓar rafi gonar wani ce, ko lambunsa, ko mashayar da shanu suka saba sauka, wani wurin ma burtali ne ya ratsa ta nan. Jami'in da ya san aikinsa ba zai sa hannu ba sai ya ga amincewar masu gonakin gaɓa biyu a rubuce, da shaidar mai unguwa da dagaci, har zuwa hakimi. Da za a bi ta tawa, arɗon yankin ma sai ya sa hannu, domin shanu ba sa son hawa siririyar kwalbati marar kariya, kuma in aka toshe musu mashaya sai sun samo wata ta cikin gonar wani.

Sai ruwan kansa, wanda mutane suka fi mantawa cewa yana da mai kula da shi. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 ta ba gwamnatin tarayya iko da ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya. Ta yarda mutum ya ɗiba don amfanin gida da shayar da dabbobi, amma karkatar da ruwa ko tare shi ta ce sai da lasisi. Ƙaramin rafin da ke ƙafewa kafin sanyi ya kankama ba zai kai ku Abuja ba, sai dai yana iya kai ku hukumar raya kogunan yankinku: ta Haɗeja da Jama'are a Kano, ta Sakkwato da Rima a Sakkwato, ta tafkin Chadi a Maiduguri, ta Binuwai ta sama a Yola, ta Neja ta sama a Minna. Idan rafin yana ƙasan madatsar ruwa, ko magudana ce ta aikin noman rani irin na Kadawa da Kura da ke shan ruwan Tiga, ko na Bakolori a Talata Mafara, kada ku ɗora ko bulo ɗaya ba su sani ba. Su suka san ranar da za a saki ruwa da yawansa, kuma wannan lissafi ne da babu dattijon gari da zai iya ba ku. Kogunan da jiragen ruwa ke bi, irin Neja da Binuwai da manyan rassansu, suna ƙarƙashin hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, kuma wannan ya fi ƙarfin aikin gayya. Ta fuskar muhalli, dokar tantance tasirin ayyuka ta 1992 manyan ayyuka ta fi sa wa ido, irin madatsun ruwa da manyan tituna, amma hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta tarayya, NESREA, tana da ƙa'idojin da ta fitar a 2009 a kan fadamu da gaɓar koguna. Wasiƙa ɗaya daga ma'aikatar muhalli ta jiha tana rufe bakuna da yawa, musamman inda kwazazzabo ya riga ya fara cin ƙasa.

Kafin a je ko ɗaya daga ofisoshin nan, a je rafin tare da injiniya da kuma wanda ya fi kowa daɗewa yana noma a gaɓarsa. Da rani rafi ƙarya yake yi wa baƙo: yashi fari fat, faɗin taku ashirin, yara na buga ƙwallo a ciki. Injiniya zai ce, "Baba, ina ruwan nan ke kaiwa in ya cika?" Dattijon ba zai ba shi amsa da mita ba. Zai ɗaga sandarsa ya nuna leda da busasshiyar ciyawa da suka maƙale a reshen kanya, sama da kan mutum, ya ce, "Ɗana, wancan na bara ne, kuma bara ba a yi wani ruwa ba." A auna wurin, a ɗauki hotonsa. Sannan a tambaye shi abin da ruwan ke kwasowa, yashi ne ko laka, karan dawa ne ko kututture. Tambayar da ta fi duka nauyi ita ce tsawon lokacin da yake yi a cike. Rafin da ke tumbatsa bayan ruwan dare ya janye kafin azahar daban, wanda ke kwanciya tun daga Yuli har Oktoba daban, kuma a nan zaɓin yake rabuwa.

Ga rafi mai faɗi, mai yashi, mai ƙananan gaɓoɓi, wanda ke cika ya wuce cikin sa'o'i, ban ga abin da ya kai mashigin kankare ba, kuma shi ne aka fi rainawa. Ana raina shi ne don bai yi kama da aikin da za a yanke wa kyalle ba. Ɗan siyasa ba ya samun inda zai liƙa allo. Amma ba shi da ramin da zai toshe, ba shi da cikon da zai ɓalle, kuma duk girman ruwan da ya zo ta kansa zai bi ya wuce. Wanda ya bi hanyoyin Nijar ta wajen Tawa da Agadas ya san yadda aka dogara da irinsa a mashigan ƙoramu, inda ake wata tara ba ɗigon ruwa, sannan rana ɗaya ƙorama ta sauko da ƙarfin da zai tafi da kwalbati.

Aikinsa ma ba ya buƙatar manyan injuna. Daɓe ne mai kaurin santimita 15 zuwa 20 da ragar rodi a ciki. A misali, mashigi mai tsawon mita 20 da faɗin mita 4 da kaurin santimita 20 zai ci kankare kubik mita 16, wato kimanin buhun siminti 100 a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. Sai dai wannan lissafin daɓe ne kawai, kuma ba daɓen ne ke riƙe mashigi ba. Abin da ke riƙe shi katangu biyu ne da ake binnewa a gefen da ruwa ke zuwa da gefen da yake fita, su nutse aƙalla mita ɗaya ko su taɓa dutse, don kada ruwa ya bi ta ƙasa ya kwashe yashin da daɓen ke zaune a kai. A gefen fita kuma sai an shimfiɗa manyan duwatsu ko kwandunan waya cike da dutse, domin nan ruwa ke faɗawa ya haƙa rami. Ɗan kwangilar da ke son rage kuɗi nan yake ragewa, tun da ba wanda zai gani bayan an rufe. Kwamiti ya tsaya a kan ramin ranar da za a zuba katangun, da tef a hannu. Gangaren shiga da fita kada ya wuce saukar mita ɗaya a cikin mita 10, in ba haka ba motar da ke da dogon baya za ta riƙa gogar ƙasa, amalanken shanu mai lodi kuma zai gagara hawa.

Aibinsa a fili yake, kuma kada a ɓoye wa jama'a: ranar da rafi ya cika, hanya ta rufe. Mai naƙuda da ta taso da dare cikin malka za ta jira. Sannan akwai ganganci. Hukumar kula da yanayi ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana iya ɗaga ƙaramar mota, santimita 60 kuwa yana tafiya da yawancin motoci. Direban haya da ke sauri ya kai lodin kasuwa ba ya wannan lissafi. Shi ya sa turakun da ke nuna gefen daɓen da zurfin ruwa ba ado ba ne. A shafa musu jan fenti daidai inda aka ce daga nan ba a shiga, a kuma sanar da shugabannin tasha da na 'yan acaɓa.

Wajen izini kuwa shi ya fi sauƙi. Ba ya ɗaga ruwa, ba ya cin gonar kowa sai ɗan gangaren shiga, shanu na bi ta kai ba gardama. Sau da yawa amincewar sashen ayyuka da ta masu gonaki ta wadatar. Amma ga wani tarko. A yankunan Makuweni da Kitui na Kenya ana ɗaga irin wannan mashigi sama da ƙasan rafi da gangan, yashi ya taru a bayansa ya riƙe ruwa, mutane su yi rijiyoyi su yi lambu da rani. Dabara ce mai kyau, kuma masu fadama za su so ta. To sai dai da zarar kun ɗaga shi kun shiga tare ruwa, kuma na ƙasa da ku da ke jiran wannan ruwan suna da bakin magana. In haka kuke so, ku faɗa tun a takardar farko, ku bi ta hukumar ruwa.

Kwalbatin bututu shi ne abin da kowa ke kira, don ana sayar da bututun a bakin titi, birkilan gari zai iya jera su, kuma cikin mako biyu mota ta hau. Inda ya dace yana da kyau ƙwarai: siririn rafi mai zurfi, mai tsayayyun gaɓoɓi, wanda ruwansa ba shi da yawa amma yana daɗewa. Matsalar ita ce ana kai shi inda bai dace ba, kuma yawan bututun da ake sawa kuɗin da aka tara ne ke yanke shi, ba ruwan da zai zo ba.

Ga lissafi mai sauƙi da kowane injiniya zai yi muku a bayan ambulan. A ce filin da ke zubo wa rafin ruwa hekta 200 ne, wanda ba wani babba ba ne. A ce an yi ruwa mai ƙarfin milimita 50 a sa'a, kashi 30 cikin ɗari ya gangaro, sauran ƙasa ta shanye. Abin da zai iso mashigin ya kai kimanin kubik mita 8 a kowace daƙiƙa. Bututu mai faɗin santimita 90, idan ruwa ya cika bakinsa, abin da yake wucewa da shi bai fi kimanin kubik mita ɗaya a daƙiƙa ba. Ana buƙatar layi takwas ke nan. Ƙungiya kuwa biyu ta saya, wani lokaci ma masu santimita 60, waɗanda bakinsu bai kai rabin na santimita 90 ba. Sauran ruwan ba zai koma sama ba. Zai taru a bayan cikon, ya malala gonakin da ke sama, ya haura hanya, ya fara cin ta daga gefen fita har ya yanke ta.

Ko da an sa isassu, rafinmu ba ruwa kaɗai yake ɗaukowa ba. Ruwan farko na damina shi ke share duk abin da rani ya tara: karan dawa, reshen ƙaya, buhunan taki, leda, mushen akuya. Reshe ɗaya ya gitta a bakin bututu, kara ya taru a kansa, leda ta liƙe, yashi ya bi baya. Bututun santimita 60 da ya cika da yashi ba mai iya shiga ya yashe shi, shi ya sa ba na ba da shawarar abin da ya gaza santimita 90 a kan rafi.

In kana son sanin ko kwalbati zai kai baɗi, kada ka tsaya a kansa. Sauka ta gefen da ruwa ke fita. Wanda ya kusa tafiya za ka ga rami a gindinsa da koren ruwa kwance, bututun ƙarshe ya sunkuyar da baki, simintin da ya haɗa shi da na bayansa ya buɗe har yatsu uku su shiga. In ka leƙa ta tsagar za ka ga burjin ciko yana zuba ciki kaɗan-kaɗan. A sama hanya lafiya lau take, sai ɗan lotsawa da babur ke tsallakewa. Ranar da tifa mai lodin yashi, wadda kan haura tan 20, ta hau bayan ruwan dare, ranar ake cewa kwalbati ya karye ba zato. Maganin wannan tun farko ne: shimfiɗar kankare a ƙarƙashin bututun, katanga a baki da fikafikai a gefe biyu, daɓen dutse a mafita, da ciko mai kauri a sama wanda aka daddaɓe hawa-hawa, ba a juye tifa ɗaya a baje ba.

A nan izini ke yin tsauri, kuma da dalili. Ciko mai ƙananan ramuka madatsar ruwa ce da ba wanda ya tsara ta a matsayin madatsa. Abin da ya faru a Mokwa ta jihar Neja ranar 29 ga Mayun 2025, inda mutum fiye da 150 suka rasu, bayanan da suka fito daga baya sun nuna ruwa ya taru ne a bayan tudun layin dogo da magudanansa suka toshe, har tudun ya ɓalle a kan unguwanni. Na ƙauye bai kai wannan girma ba, amma yadda abin ke faruwa ɗaya ne. Saboda haka idan akwai gidaje ƙasa da mashigin, ko gonakin shinkafa sama da shi, ku sa ran za a nemi zane mai hatimin injiniyan da ya yi rajista da hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, COREN, da lissafin ruwa, da amincewar mutanen sama da na ƙasa. In ma ba a nema ba, ku kai da kanku. Ranar da gonar wani ta nutse ya kai ƙara, takardar da hukuma ta sa wa hannu ita ce za ta raba shugaban ƙungiya da biyan diyya daga aljihunsa.

Kwalbatin akwati ya fi na bututu nesa ba kusa ba inda ruwa ke da yawa. Ƙofa ɗaya mai faɗin mita 2 da tsayin mita 2 ta fi bakin bututu shida masu santimita 90, kututture na wucewa ta ciki, mutum kuma na shiga da shebur a tsaye. Rufinsa kansa shi ne hanya, ba ya buƙatar tudun ciko mai yawa. Amma ya fita daga hannun birkila: sai kafinta mai iya katakon zubi, mai ɗaurin rodi da ke karanta zane, da injiniyan da zai duba kafin a zuba. Rodin da aka sa a rufi ba inda zane ya ce ba, ko aka rage kaurinsa, ba a gane shi sai ranar da ya tsage. Kuɗinsa ya ninka na bututu, takardarsa kuma ba ta tsayawa a ƙaramar hukuma idan ƙofofin sun kai biyu ko uku. Galibi sai injiniyoyin jiha sun gani.

Akwai kuma na tsaka-tsaki da ba a cika sani ba: mashigin da aka ɗaga kaɗan aka jera bututu a cikinsa, aka lulluɓe shi duka da kankare. Ruwan yau da kullum ya bi ta bututun, ƙafa ba ta jiƙa, babban ruwa kuma ya haura ta kai ba tare da ya sami burjin da zai ci ba. Ga rafin da ke ɗan gudana wata huɗu amma yake haukacewa sau kaɗan a shekara, wannan ya fi kwalbatin bututu aminci. Sharaɗinsa a riƙa yashe bututun, in ba haka ba ya koma ƙaramar madatsa, rafin ya zagaye shi ta gefe.

Gada ba zan daɗe a kanta ba, don ba aikin karo-karo ba ce. Tana buƙatar gwajin ƙasa, zurfin tushe da aka lissafa, da amincewar ma'aikatar ayyuka ta jiha ko ta wane hali. Idan rafinku mai zurfi ne da ke cike wata uku ko huɗu, kuma gari guda ne ke yankewa, gada ce maganinsa, amma aikin ƙungiya a nan shi ne bibiya. Ku haɗa hotunan damina, yawan ƙauyukan da ke bi, kasuwar da amfanin gona ke zuwa, ku kai wa kansila da ɗan majalisa da ma'aikatar raya karkara. Shirin RAAMP na hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya da hukumar raya ƙasashe ta Faransa ke tallafawa, yana aiki a jihohi irin su Kano, Katsina, Sakkwato, Kebbi da Bauchi, kuma mashigan ruwa na cikin abin da yake yi. Kuɗin da kuka tara gara ku kashe shi a kan awo da zane na gaskiya, wanda zai sa buƙatarku ta fi ta wasu nauyi a tebur, da ku zuba bututu huɗu a inda gada ce ta dace.

Takardar neman izinin kanta ba ta da wani sirri. Wasiƙa ce daga ƙungiya mai rajista zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma ta hannun shugaban sashen ayyuka, ɗauke da wurin da za a yi aikin da lambobinsa na taswira, waɗanda kowace waya ke bayarwa yanzu, da zane, da hotunan rani da na damina, da takardar masu gonaki, da wasiƙar hakimi. Ku faɗi inda za ku ɗebo yashi da burji, da inda motoci za su bi kafin a gama. Ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku tafi da shi. In shugaban sashen ya ce, "Ai ba komai, ku je ku yi, aikin alheri ne," ku yi godiya ku ce, "Yallaɓai, a taimaka a ba mu a rubuce." Shugabanni na canzawa, kuma wanda ya zo daga baya bai ji wannan maganar ba. Ku roƙi ya turo injiniyansa ya ga wurin kafin a fara, ya kuma dawo ranar zubi. Duk kuɗin da aka ce ku biya, a ba ku rasit na hukuma.

In an tattara, ga yadda nake zaɓa. Rafi mai faɗi da yashi da ke wucewa cikin sa'o'i, mashigin kankare, ko da akwai kuɗin kwalbati. Siriri mai zurfi da ɗan ruwa, bututu, amma ba ƙasa da santimita 90 ba kuma da lissafi. Ruwa mai yawa da tarkace a matsattsen wuri, ko hanyar da motar asibiti ba za ta iya jira ba, akwati. Inda gidaje ke ƙasa da mashigin, ba na yarda da dogon ciko ko da an ba da izini.

A fara neman takarda tun da kaka, lokacin da alamun ruwa ke nan sabbi a jikin itatuwa, don a yi zubi tsakanin Disamba da Maris. Kankare na son a riƙa jiƙa shi aƙalla kwana 7, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfinsa, don haka a tanadi ruwan jiƙo a kasafi, a kuma gitta itace a hanya kada wani mai akori-kura ya ce shi dai sau ɗaya zai wuce. A cikin yarjejeniyar da dagaci zai sa wa hannu a rubuta abu biyu da ake yawan bari a baki: sunan waɗanda za su yashe mashigin kafin ruwan farko da bayan kowane babban ruwa, da nisan da masu ɗiban yashi za su ja baya. Tifar da ke lodi dab da mafitar ruwa tana zurfafa ƙasan rafin, ramin kuma yana tahowa baya kowace damina har ya iso gindin ginin, ko mashigi ne, ko kwalbati, ko ƙafar gada.